Ɗaya Cikin Miliyan 73: Lissafin da Ya Ɗaure Sally Clark

Ranar 9 ga Nuwamba 1999, a babbar kotun garin Chester da ke Ingila, mutum 10 daga cikin 12 da ke taya alƙali yanke hukunci suka amince cewa Sally Clark ce ta kashe 'ya'yanta biyu. Aka yanke mata ɗaurin rai-da-rai. Lauya ce, mijinta ma lauya ne, mahaifinta kuwa babban jami'in 'yan sanda ne. Babu wanda ya gan ta tana cutar da yaran, likitocin da aka kira shaida kuma sun yi ta saɓa wa juna kan abin da ya yi ajalinsu. Amma akwai wani adadi da aka furta a zauren kotun wanda ya zauna daram a kunnen kowa: wai yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata, ɗaya ce cikin miliyan 73.

Ɗanta na fari, Christopher, ya rasu a watan Disambar 1996 yana da mako 11 a duniya. Ta shayar da shi, ta kwantar, can ta tarar ba ya numfashi. Likitan da ya binciki gawar, Alan Williams, ya rubuta cewa ciwon huhu ne, aka rufe magana, dangi da abokai suka yi ta'aziyya. Bayan kusan shekara ta haifi Harry. A watan Janairun 1998, yana da mako 8, shi ma ya tafi. Williams ɗin nan ne ya sake bincikar gawa, a wannan karon ya ce ya ga alamun an jijjiga yaron da ƙarfi. Sai ya koma ya ɗauko bayanan gawar farko, ya sake dubawa, ya canza magana: Christopher ma toshe masa numfashi aka yi.

A lura, babu wata sabuwar shaida da ta ɓullo game da Christopher. Hotunan nan ne dai, samfuran naman jikin nan ne dai, likitan nan ne dai. Abin da ya canza shi ne abin da ke cikin ransa lokacin da yake dubawa. A karon farko yana kallon gawar jaririn da Allah ya yi wa cikawa, sai ya ɗauki 'yan kurje-kurjen da ya gani a matsayin abin da ƙoƙarin farfaɗo da yaro kan bari. A karo na biyu yana kallon ɗan matar da ake zargi, sai kowane tabo ya zama hujja. Haka zuciyar ɗan Adam take aiki, ta likita da ta wanda bai taɓa shiga aji ba: abin da ka riga ka yarda da shi ne ke gaya wa idonka abin da zai gani.

Kada a ce shari'ar ba ta da komai sai adadin nan. An yi maganar jini a huhun Christopher da ɗan rauni a bakinsa, an yi maganar tsohuwar karaya a haƙarƙarin Harry da alamun jini a kusa da lakarsa. Sai dai kowace alama akwai ƙwararren da ya ce cutarwa ce, akwai wanda ya ce ba ita ba ce. Jinin da aka ce an gani a cikin idon Harry, wanda shi ne ginshiƙin zargin jijjigawa, daf da fara shari'a aka gano cewa kuskure ne wajen shirya samfurin, har masu gabatar da ƙara suka karkata ga cewa shi ma toshe masa numfashi aka yi. To ka ɗauki mutum 12 da aka kwaso daga gari, ka zaunar da su makonni suna sauraron farfesoshi suna musu kan ƙwayoyin jini. Kansu zai ɗaure. Duk wanda ya miƙo musu abu ɗaya mai sauƙin riƙewa, shi za su bi.

Wanda ya miƙo shi ne Farfesa Roy Meadow, likitan yara da ba a ja da shi a Birtaniya ta lokacin. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, Sarauniya ta ba shi lambar girma, kuma tun 1977 sunansa ya fito saboda bincikensa kan iyaye mata da ke ƙirƙira wa 'ya'yansu ciwo. Akwai wata ƙa'ida da ya yaɗa har ake kiran ta da sunansa: mutuwar jariri ɗaya a gida musiba ce, biyu abin zargi ne, uku kuwa kisa ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ya ɗauko alƙaluma daga wani babban bincike da gwamnati ta ɗauki nauyi kan mutuwar jarirai. Binciken ya nuna cewa a jimlace jariri 1 cikin kimanin 1,300 ne ke mutuwar fuju'a, amma a gidan da ba a shan taba, akwai mai albashi, uwa kuma ta haura shekara 26, adadin ya sauka zuwa 1 cikin 8,543. Yara biyu ne, sai aka ninka 8,543 sau 8,543, ya ba da kusan miliyan 73. Tun da ana haifar yara kimanin 700,000 a shekara a Ingila da Wales da Sikotland, Meadow ya ce irin wannan sai sau ɗaya a shekara ɗari. Ya ƙara da misalin da kowane Bature ya gane: kamar mutum ne ya yi caca kan dokin da ake ba damar 1 cikin 80 a babbar sukuwar Grand National, ya ci, shekara huɗu a jere. Ko wannan ma in ka buga, 80 sau huɗu bai wuce miliyan 41 ba, amma wa zai tsaya bugawa?

Kuskure biyu ne a cikin wannan magana, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Na farko kuskuren ninkawa ne. Ana ninka yiwuwar abu biyu ne kawai idan faruwar ɗaya ba ta da wata alaƙa da faruwar ɗayan. 'Ya'yan ciki ɗaya kuwa jininsu ɗaya, gidansu ɗaya, katifarsu ɗaya, iskar da suke shaƙa ɗaya. Mu nan mun san wannan sarai ta hanyar sikila. A Najeriya kimanin jariri 2 cikin 100 ake haifa da ita. Da za a bi lissafin Meadow, sai a ce samun 'yan sikila biyu a jere a gida ɗaya 4 ne kacal cikin 10,000, abin mamaki ke nan. Amma duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin yara ya ga uwa riƙe da biyu ko uku. Dalili a fili yake: da zarar an haifi na farko, an riga an san uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, don haka kowace haihuwa ta gaba 1 cikin 4 ce. Mutuwar farko labari ce game da gidan, tana gaya maka cewa wataƙila akwai wani abu a jini ko a muhalli da ba a gano ba. Daga baya wani farfesan lissafi a Jami'ar Salford, Ray Hill, ya bi alƙaluman binciken nan ya nuna cewa gidan da aka taɓa yin mutuwar fuju'a, haɗarin maimaituwa ya ninka na sauran gidaje sau 5 zuwa 10. Rahoton da Meadow ya ɗauko adadin daga ciki ma ya yi gargaɗin cewa lissafin bai yi la'akari da abubuwan gado ba. Sannan an zaɓi abubuwan da ke rage haɗari a gidan Clark, an bar wanda ke ƙara shi: duka yaran maza ne, maza kuwa sun fi mata faɗawa wannan mutuwa.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma ko da adadin daidai ne zai nan. Abin da adadin ke cewa shi ne: idan ka ɗauki gida irin wannan wanda ba a yi laifin komai ba, da wuya ƙwarai a yi mutuwa biyu. Abin da kunne ke ji kuwa shi ne: da wuya ƙwarai a ce matar nan ba ta da laifi. Maganganu biyu ne daban, amma zuciya tana haɗiye su a matsayin ɗaya. Masu nazarin shari'a sun san wannan tarko, tun 1987 wasu masu bincike biyu a Amurka, William Thompson da Edward Schumann, suka laƙaba masa suna ruɗun mai gabatar da ƙara.

Mai cikakken hankali, irin wanda littattafan lissafi ke siffantawa tun daga ƙa'idar auna yiwuwa ta masanin lissafi Thomas Bayes da aka wallafa a 1763, ga yadda zai yi. Zai ce yaran sun riga sun mutu, abin da ba a saba gani ba ya riga ya faru, tambayar ko zai iya faruwa ta wuce. Abin da ya rage shi ne bayani biyu, kowanne baƙo: ko dai mutuwar Allah da Annabi ce sau biyu, ko uwa ce ta kashe 'ya'yanta sau biyu. Wanne ya fi wuyar aukuwa? Babu wanda ya kawo wa kotu adadin na biyun. Babu wanda ya ce, to iyaye mata nawa ne cikin miliyan ke kashe jarirai biyu a jere? Da Hill ya yi wannan kwatancen, sai ya samu cewa mutuwar fuju'a sau biyu ta fi kisa sau biyu yawa da ninki 4.5 zuwa 9. Wato in ma alƙaluma kaɗai za a bi, gefen Sally Clark suka rinjaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan shari'a shi ne irin mutanen da ke zauren. Farfesa, alƙali, manyan lauyoyi a kowane ɓangare. Lauyoyin da ke kare ta ba su kira masanin ƙididdiga ko ɗaya ba, ba su kuma yi wa adadin rubdugun da ya kamata ba. Ba jahilci ne ya yi aiki a nan ba, domin an gwada irin wannan tambaya a kan masu ilimi an ga yadda suke yi. A 1978 wasu masu bincike suka tambayi mutum 60, likitoci da ɗaliban likita a asibitocin koyarwa na Jami'ar Harvard: ga cuta da ke kama mutum 1 cikin 1,000, ga gwaji da ke nuna wa kashi 5 cikin ɗari na masu lafiya cewa suna da ita, an gwada wani an ce yana da ita, mene ne yiwuwar da gaske yana da ita? Kusan rabinsu suka ce kashi 95. Amsar kuwa kashi 2 ce, kuma mutum 11 ne kacal suka samu. Lissafin ba wuya: cikin mutum 1,000 mai cutar ɗaya ne, masu lafiyar da gwajin zai yi wa ƙarya kimanin 50, ka ga 1 cikin 51. Masanin halayyar ɗan Adam Gerd Gigerenzer na Jamus ya nuna cewa idan aka gabatar da tambayar a haka, da ƙirgen mutane maimakon kashi cikin ɗari, masu samun amsa suna ƙaruwa sosai. Ƙwaƙwalwa ta iya ƙirga kawuna, ba ta saba da ɓoyayyun kaso ba.

Tun shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka, Herbert Simon, ya ce mutumin da masana tattalin arziki ke zanawa, wanda ke tattara dukkan bayanai ya auna kowane zaɓi kafin ya yanke shawara, babu shi a duniya. Mutum na gaskiya lokacinsa kaɗan ne, abin da zai iya riƙewa a ka kaɗan ne, don haka yakan tsaya a amsar farko da ta gamsar da shi. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana gajerun hanyoyin da zuciya ke bi. Tushensu shi ne idan tambaya ta yi nauyi, sai zuciya ta musanya ta da mai sauƙi ba tare da ta sanar da kai ba. "Wanne bayani ya fi yiwuwa?" tambaya ce mai nauyi. "Wannan abu ya ba ni mamaki?" mai sauƙi ce. Mamaki kuma nan da nan yake rikiɗewa zuwa zargi, sai ka ji an ce ruwa ba ya tsami banza.

Masu gabatar da ƙara sun san da haka, ko da ba su karanta Kahneman ba. Sun jero kamanceceniya tsakanin mutuwar biyu: yaran kusan sa'annin juna ne lokacin rasuwa, duka da daddare, duka bayan shayarwa, duka a ɗaki ɗaya, duka uwar ce kaɗai a wurin, uban ya yi tafiya ko yana shirin tafiya. Da ka ji sai ka ce biri ya yi kama da mutum. Amma tsaya ka yi tunani: jaririn wata biyu, yaushe ne ba bayan shayarwa ba? Wa ke tare da shi a yawancin sa'o'in yini in ba uwarsa ba? Kusan duk jaririn da ya rasu a gida, a hannun uwa ko kusa da ita zai rasu. An kuma zana ta a matsayin mace mai son aikinta da jin daɗinta wadda reno ya takura, bayan hukunci jaridu suka yi ta yayata batun shan barasar da ta faɗa bayan rasuwar ɗanta na fari. A ganina labarin ne ya fara shiga zukata, adadin ya zo ya sa masa hatimi. Mutum ba ya son ya ce na ɗaure mace saboda ba ta kwanta mini a rai ba. Ya fi son ya ce kimiyya ce ta ce.

Wani abu ya faru ana tsakiyar shari'ar da ya kamata ya sa masu raina talaka su yi shiru. Mutanen nan 12, waɗanda ba likitoci ba, suka aika wa alƙali tambaya: shin akwai sakamakon gwajin jinin Harry? Aka dawo da Williams ya amsa. Ya yi bayani, amma bai ambaci cewa akwai sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta da ke hannunsa tun farkon 1998 ba. Sakamakon ya nuna ƙwayar Staphylococcus aureus a wurare 8 a jikin yaron, har da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, wurin da bai kamata a ga ƙwayar cuta ba sam. Ba a nuna wa lauyoyin kariya ba, ba a nuna wa masu gabatar da ƙara ba, ba a nuna wa sauran likitoci ba. Daga baya Williams ya ce shi ya ɗauka gurɓata ce ta bayan mutuwa, ba ta da muhimmanci. Mai yiwuwa da gaske haka ya gani. Wanda ya riga ya yanke cewa kisa ne, takardar da ke nuna cuta ba ta yi masa kama da shaida, shara take yi masa kama. Su kuwa masu taya alƙali sun yi tambayar da ta dace, aka ba su rabin amsa, suka yanke hukunci da abin da ke gabansu.

A watan Oktoban 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci kan koken da Sally Clark ta shigar. Alƙalai uku suka yarda akwai abin dubawa a yadda aka gabatar da adadin, amma suka ce bai taka wata rawa ba, sauran shaidu sun isa. Wannan ma irin tunanin ɗan Adam ne: hukuncin da aka riga aka yanke yana da nauyin da sabuwar hujja ba ta da shi. A Oktoban 2001 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Birtaniya ta yi abin da ba ta saba yi ba, ta fitar da sanarwa cewa adadin miliyan 73 ba shi da tushe a ilimin ƙididdiga, farkon 2002 kuma shugabanta ya rubuta wa babban jami'in shari'a na ƙasar. Duk da haka Sally Clark tana kurkuku, inda sauran fursunoni ke kallon ta a matsayin makashiyar jarirai kuma 'yar ɗan sanda, ga ɗanta na uku da ta haifa a 1998 yana girma ba ta kusa. Hujjar lissafi, duk da ingancinta, ba ta buɗe ƙofa ba. Takarda ce ta buɗe. Mijinta bai daina nema ba, wata lauya mai suna Marilyn Stowe ta shiga aikin kyauta, ta matsa har aka samo bayanan asibitin, a ciki aka tarar da sakamakon gwajin nan. Ranar 29 ga Janairun 2003 kotu ta soke hukuncin, ta kuma ce adadin bai kamata ma a bari ya shiga kunnen masu taya alƙali ba.

Watanni kaɗan bayan haka aka gurfanar da wata mai harhaɗa magunguna, Trupti Patel, kan mutuwar jariranta uku, Meadow yana cikin shaidun masu ƙara. Kakarta, tsohuwa mai kimanin shekara 80, ta taso daga Indiya ta shaida wa kotu cewa ita ma cikin 'ya'ya 12 da ta haifa, 5 sun rasu suna jarirai. A watan Yunin 2003 aka sallami Patel. Tsohuwar nan ba ta san Bayes ba, amma ta san abin da farfesa ya manta, cewa akwai zuriyar da mutuwar jarirai ke bi. Iyayenmu ma sun san shi, shi ya sa suke da sunan wabi ga macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Sai dai kada mu yi saurin yabon kai. Zuciyar da ta ga maimaici ta ce lallai akwai mai hannu a ciki, ita ce dai ke sa a nuna kishiya ko wata tsohuwar unguwa a ce mayya ce. Can an sa wa zargin rigar alƙaluma, nan ana sa masa wata rigar.

Babban lauyan gwamnatin Birtaniya ya sa aka sake duba shari'o'i 297 na mutuwar ƙananan yara. An saki wasu iyaye mata biyu da aka ɗaure kan mutuwar jariransu, Angela Cannings a Disambar 2003, Donna Anthony a 2005, dukansu Meadow ya ba da shaida a kansu. A shari'ar Cannings kotu ta kafa ƙa'idar cewa idan hukunci ya dogara kacokan kan saɓanin ƙwararru, babu wata ƙwaƙƙwarar shaida daban, bai kamata a ci gaba da tuhuma ba. Hukumar kula da aikin likita ta hana Williams aikin binciken gawa na gwamnati har shekara uku, ta kuma soke sunan Meadow daga rajista a Yulin 2005, amma a 2006 kotu ta mayar masa, bisa hujjar cewa kuskure ya yi ba da mugun nufi ba. Ina ganin gaskiya ne bai yi da mugun nufi ba, kuma nan ne abin tsoron yake. Sally Clark ba ta farfaɗo daga abin da ya same ta ba. Ta rasu a gidanta a watan Maris 2007 tana da shekara 42, binciken da aka yi ya nuna barasa ce ta yi mata yawa a jini.

A shekarar da aka sake ta, 2003, wata kotu a Ostireliya ta ɗaure Kathleen Folbigg kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, da irin wannan tunani na cewa abu ba zai maimaitu haka siddan ba. Daga baya masana ƙwayoyin halitta suka gano cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CALM2, wanda ke iya tsayar da zuciya farat ɗaya. An yi mata afuwa a watan Yunin 2023, aka soke hukuncin a Disamba, bayan ta shafe shekara 20 a kurkuku.